Tambaya ga masu kartun: ina ake ajiye kyamara a sitoribod, kuma yaushe ake zana hoton baya?

ɗanfagge99 ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu harkar kartun ku taimaka min. Ina haɗa wani ɗan gajeren fim ne na Gizo, bai fi minti 3 ba, a manhajar Krita nake zanen a laftof in kuma an ɗauke wuta caji ya ƙare sai in koma FlipaClip a waya. Labarin dai Gizo ne ya je fada ya cika baki gaban Sarki ya ɗauki alƙawarin da ba zai iya cikawa ba, ya biyo lungu yana ta gumi, ya iso gida Ƙoƙi ta buɗe masa wuta. Wurare uku ke nan, cikin fada, lungu, da tsakar gida.

To ga matsalar. Na zana hoton baya guda uku, ɗaya na kowane waje, kuma wlh sun yi kyau ni kaina na yaba wa kaina, amma da na ɗora mutanen a kai sai ya zama kamar an yanko su da almakashi an liƙa a jikin kalanda. Ƙafar Gizo ba ta taka ƙasa, dogari in na matsar da shi baya na rage masa girma sai ka ga kamar yana shawagi. Sannan duk shot ɗin, wato kowace ɗauka ɗaya ta kyamara, iri ɗaya ne, daga gaba, kowa a tsaye tun daga kai har ƙafa, minti ɗaya ka kalla ka gaji. Na ga ana cewa a YouTube wai in kana so mutum ya yi kwarjini ka ɗauke shi daga ƙasa, in kana so ya ƙanƙance ka ɗauke shi daga sama, na zana Sarki daga ƙasa na ɗora shi a kan bayan nan nawa sai abin ya ƙara dagulewa.

Abin da nake so in sani, wanne ake fara zanawa, baya ko mutane? Kuma duk sanda na canza kusurwar kyamara sai na sake zana sabon baya ne? In haka ne ai sai shekara ta zagayo ban gama ba. Sannan a cikin sitoribod ɗin kansa, wato jerin akwatunan zanen da ake tsara fim da su kafin a fara aikin, har ina ake kai zanen baya, a cika komai ko a yi ɗan zane-zane kawai? Na gode, Allah ya saka.


MaiAlli ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka, ciwon naka sananne ne, kuma tambayoyinka na ɗaya da na biyu amsarsu guda ce. Ba baya ake fara zanawa ba, ba kuma mutane ba. Kyamara ake fara ajiyewa.

Ga yadda ake yi. Duk akwatin sitoribod da za ka zana, kafin fensir ya taɓa hancin Gizo, ka ja layi ɗaya a kwance daga wannan gefe zuwa wancan. Layin nan shi ne tsayin da idon kyamara yake daga ƙasa. In a fili kake irin bayan gari shi ne daidai inda sama ta haɗu da ƙasa, in a ɗaki ne bango ya tare shi amma yana nan bai je ko'ina ba. Duk abin da yake ƙarƙashin layin samansa kake gani, duk abin da ya haye saman layin ƙasansa kake gani. Ɗauki kwano ka gwada yanzun nan, ka riƙe shi daidai cikinka za ka ga cikinsa, ka ɗaga shi sama da idonka sai dai ka ga gindinsa. To kai abin da ka yi, ka zana fadar da kyamara a tsayin mutum tsaye, ka zo ka zana Sarki da kyamara a ƙasa, kyamara biyu ke nan a hoto ɗaya. Ko yaro ɗan shekara biyar ya kalla zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin menene ba.

Maganar dogarinka mai shawagi ma layin nan ne maganinsa. In ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu ba gangare, kuma mutanen tsayinsu ɗaya, layin a waje ɗaya yake yanka kowa komai nisansa. In ya yanki dogarin gaba a gwiwa to na can ƙurya ma a gwiwa zai yanke shi, in a ido ne to kowa a ido. Sai ka rataye mutanenka a jikin layin, ka fara sa gwiwar a kan layi sannan ka rage girman, inda ƙafa ta sauka nan ne wajen tsayuwarsa. Gizo kuwa tunda gajere ne ka tsayar da shi sau ɗaya kusa da dogari ka ga inda layin ya yanke shi, ka riƙe wannan ma'aunin a duk shot ɗin da kyamara take a wannan tsayin.

Yanzu fadar taka. Ni da ni ne ba zan bi wancan lissafin na YouTube ido rufe ba, saboda a wajenmu mai iko zama yake yi, kuma wanda ya zo gaisuwa ƙasa yake zubewa. Akwai wani daraktan Japan, Yasujiro Ozu, wanda ya yi Tokyo Story a 1953, an san shi da ajiye kyamara ƙasa-ƙasa wajen tsayin wanda ke zaune a kan tabarmarsu ta cikin ɗaki, saboda rayuwar gidajen da yake ɗauka a ƙasa ake yinta. Mu ma haka ne, fada, zaure, tsakar gida, cin tuwo, duk a ƙasa. In ka sa kyamara a tsayin bafaden da ke zaune a shimfiɗa, Sarki a kan karaga da kansa zai haye saman layin ba sai ka karkace masa fuska ba, dogaran da ke tsaye su zama dogaye a gefe da gefe, Gizo in ya zube ya faɗa ƙarƙashin layin mu riƙa ganin bayansa da ƙeyarsa. Kwarjinin ya fito daga zaman da kowa ya yi.

Amma ka san abin da ka jawo wa kanka. Kyamara in ta sauka tana kallon sama rufin ɗaki zai shigo hoto. A Citizen Kane na 1941 sai da aka yi wa ɗakunan da aka gina don fim ɗin rufi, abin da ba a cika yi ba a lokacin tunda ta nan ake rataye fitilu, duk don kyamarar tana yawan kallon sama. Kai kuma sai ka zana azara da bakan gizo, wato bakan ginin da ke riƙe rufin soro. Ka nemi hotunan cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ko ka shiga Gidan Makama tunda kana Kano, ka durƙusa ka kalli sama ka ga yadda bakan ke tasowa daga bango su haɗu a tsakiya.

Abu na ƙarshe kafin yatsa ya gaji. Ka zana taswirar fadar daga sama a takarda daban, ga karaga, ga ƙofa, ga inda Gizo zai zube. Ka ja layi tsakanin Gizo da Sarki, duk kyamarorinka su tsaya a ɓangare ɗaya na layin nan. In Gizo yana kallon dama a shot na farko to ya ci gaba da kallon dama, Sarki yana kallon hagu. Kana tsallaka layin za su koma kallon waje ɗaya, mai kallo ya ɗauka Gizo ya juya wa Sarki baya. Shi ake ce wa ƙa'idar digiri 180. Kuma akwatunan farko ka yi su ƙanana sosai, inci biyu ya isa, don kar ka ji ciwon yaga su. Asalin abin ma haka ya faro a kamfanin Disney, wani mai suna Webb Smith ne ake jingina wa dabarar zana kowane yanki a takardarsa a kafe a jikin allo, kuma Three Little Pigs na 1933 shi ake kawowa a matsayin gajeren fim na farko da aka yi wa cikakken sitoribod. Hikimar kafewar ita ce a iya cire ɗaya a jefar a sa wata.


ummi_zane ta rubuta:

Malam MaiAlli Allah ya ƙara basira, maganar rataye mutane a layin nan gsky ta warware min wani abu ni ma.

ɗanfagge ƙarin abu biyu ƙanana. Ka sa ɗan duhu a ƙarƙashin ƙafa daidai inda ta taɓa ƙasa, ba doguwar inuwa ba, ɗan baƙi-baƙi kawai, yana zaunar da mutum sosai. Na biyu ka duba kar layin bango ko ginshiƙi ya zo ya tsaya cif a kan mutum, sai ka ga kamar ginshiƙin daga rawanin Sarki ya tsiro 😂 ko dai ya shige bayansa sosai ko ya matsa nesa da shi, banda shafar juna.


Ɗiyar_Tawa ta rubuta:

Salamu alaikum. Malam MaiAlli duk abin da kuka faɗi a kan layin ido gaskiya ne ba ni da ja, amma da izininku ina tsoron kar yaron ga ya tashi daga nan da tunanin cewa hoton da aka ɗauka daga gaba ko daga gefe laifi ne, ya je ya cika minti 3 da kyamara tana hawa tana sauka har mai kallo ya yi jiri.

Mu nan Nijar muna da Moustapha Alassane, Allah ya jiƙansa, an haife shi 1942 ya rasu 2015, ya daɗe zaune nan Tawa, kuma shina cikin waɗanda sunka fara yin kartun a Afirka baki ɗaya. Ku nemi Bon voyage Sim na 1966 ku kalla, shugaban ƙasar kwaɗi ne za shi ziyarar aiki wata ƙasa. Zanen layi ne baƙi da fari, ba wani tarkace a baya, amma habaicin da ya yi wa shugabannin zamanin ya isa inda aka aike shi. Moustapha ya je Kanada ya ga aikin shahararren mai kartun Norman McLaren da idonsa, ba rashin sani ba ne ya sa ya sauƙaƙa. Haka kartun ɗin Kirikou na Michel Ocelot da ya fito 1998, wanda yara da yawa a ƙasashen Faransanci sunka kalla, ku lura sau nawa mutane ke tafiya ta gefe a miƙe, ga itatuwa da ganyaye an jera su a baya kowane da siffarsa. Kafin su duka akwai Lotte Reiniger a Jamus, 1926, da baƙin kwali ta yanka mutanenta, inuwa ce kawai ake gani.

Dalilin da ya sa na kawo wannan, Gizo ɗan ban dariya ne, kuma dariyarsa a jiki take. In shina cika baki gaban Sarki alhali ƙafarsa ta baya tana rawa, dole mu ga bakin da ƙafar a hoto ɗaya, in ka yanka zuwa fuska kaɗai ka kashe dariyar. In shina satar wani abu a bayan Ƙoƙi dole mu ga mai satar da wadda ake yi wa tare. Hoton nesa daga gefe shi ke ba da wannan. Shawarata ka bar mafi yawan fim ɗin a haka, ka ɓoye kusurwar ƙasan nan sai waje ɗaya, lokacin da Sarki ya ce to in ba ka cika ba fa. Nan za ta yi aiki don ba a saba ganinta ba.

Sai maganar bayan kansa, wadda ita ta fi damuna da aikin yaranmu. Ana koyon zane daga kartun ɗin Japan da na Amurka sai hannu ya saba da bango mai kaifi da aka ja da rula. Ginin ƙasa ba haka yake ba. Katanga ta fi kauri daga ƙasa ta riƙa sirancewa tana hawa, kusurwarta a dunƙule take don hannu ya shafe ta ruwan sama kuma ya lashe ta, ga zanko a saman soro, ga indararo ya leƙo, ga kwata ta bi lungu. Shi kansa lungun ba ya miƙewa, tafiya kaɗan ya karya, don haka ba ka ganin ƙarshensa, kuma wannan alheri ne gare ka, Gizo zai iya ɓacewa a kwana ya sake ɓullowa. Ka ja layukan Malam da rula a leya ta ƙasa, wato shimfiɗar zane ta ƙarƙashi a manhaja, don su yi maka jagora, sannan ka zana bangon a kai da hannu sake. Ka fita da waya ka ɗauki hotunan cikin gari da safe da kuma bayan la'asar, a tsaye da kuma a durƙushe, amma ka nemi izini in ƙofar gidan mutane za ta fito.


ɗanfagge99 ya rubuta:

Kai jama'a na gode wlh, Allah ya bar zumunci. Malam na gwada abin kwanon ina zaune ina dariya ni kaɗai. Anti Ɗiyar Tawa maganar ƙafar da ke rawa ta shige ni, dama akwai wajen da na so in yi haka na rasa yadda zan nuna.

Amma har yanzu tambayata ta biyu tana nan, ko da na rage kusurwoyin ai dai za su kai goma sha wani abu, ni kaɗai ne kuma ina zuwa makaranta. Akwai wata dabara ta rage yawan bayan da zan zana? Kuma wajen lungun so nake kyamara ta bi shi yana tafiya, shi kuma yaya ake yinsa a sitoribod tunda takarda ba ta motsi?


Injiniya3D ya rubuta:

Mutumina zo mu yi lissafi tukuna. Minti 3 daƙiƙa 180 ne, a firem 24, wato hoto 24, duk daƙiƙa ya zama 4320, in kana barin kowane zane ya zauna firem biyu kamar yadda aka saba zane 2160 ke nan in komai na motsi koyaushe, wanda ba zai yiwu ba kuma ba a ma buƙata. In shot ɗinka yana kai daƙiƙa 4 zuwa 5 za ka tashi da shot wajen 40. Kuskuren shi ne a ɗauka shot 40 na nufin baya 40. A'a. A taswirar da Malam ya ce ka zana, ka sa wa kowace kyamara lamba. Fada: 1 hoton nesa, 2 ta bayan kafaɗar Gizo ana kallon Sarki, 3 ta gefen Sarki ana kallon Gizo, 4 ta ƙasan nan ta musamman. Duk hirar da za a yi a fada tsakanin 2 da 3 za ka riƙa kai da komo, bayansu bai canza ba. A ƙarƙashin kowane akwatin sitoribod ka rubuta lambar, in ka gama ka ƙirga, duk lambar da ta fito sau ɗaya tak ka tambayi kanka ko ta cancanci wahalar. Uku ko huɗu a kowane waje, ka tashi da 9 zuwa 12.

Sannan ka zana hoton nesan da girma, faɗi 3840 tsayi 2160, fim ɗin kuma ka fitar a faɗi 1920 tsayi 1080, ka ga za ka iya yanko kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ya cika allo bai farfashe ba. Sharaɗi dai tsayin kyamara bai canza ba, matsowa kawai ta yi. In fuska ce ta cika allo ma ba ka buƙatar komai a baya sai launin bangon da ɗan dishi-dishi.

In laftof ɗinka zai iya ɗaukar Blender, manhajar gina abubuwa a 3D, kyauta ne, ka gina fadar da akwatuna kawai ba ado ba launi, bango huɗu, ginshiƙai, akwati ɗaya karaga, dogayen akwatuna dogarai. Ka yawata da kyamara a ciki sai ka samu inda ya yi maka, ka ɗauki hoton allo ka kai Krita ka bi kai. Lissafin layuka duk ya hutar da kai. Ka yi wasa da lens ɗin ma, wato gilashin idon kyamara, 24mm zai sa fadar ta yi faɗi Sarki ya yi nisa, 85mm zai matse su kamar dogarai na numfashi a wuyan Gizo. Akwai kuma wata manhaja Storyboarder ita ma kyauta, an yi ta ne don wannan aikin.

Lungu kuma, a takarda doguwar akwati ake zanawa mai faɗin allo biyu ko uku, ka zana firem a farkonta ka rubuta A, wani a ƙarshenta ka rubuta B, kibiya a tsakani, ka rubuta daƙiƙa nawa. Wajen haɗawa Gizo yana tafiya a waje ɗaya bayan ne ke zamewa. Ka raba shi leya uku, na kusa da kyamara irin turken akuya ko reshen darbejiya ya fi gudu, katanga matsakaici, abin da ke can nesa irin Dutsen Dala da ƙyar zai motsa, wata ko rana kuma kar su motsa sam. Wannan ne abin da Disney suka ƙera wata ƙatuwar na'ura mai gilasai hawa-hawa dominsa, suka gwada ta a The Old Mill a 1937 kafin ta shiga manyan finafinansu, don in ka matso da kyamara kan zane guda ɗaya har watan da ke sama girma yake yi, abin da ido bai taɓa gani ba. Yau leya uku a waya sun yi maka aikin. In kana so ka ƙara tsimi ka sa ƙarshen katangar ya haɗu da farkonta ta riƙa zagayowa irin na kamfanin kartun Hanna-Barbera, amma kar ka sa abu mai jan ido a jiki, duk wanda ya kalli kartun ɗinsu Flintstones ya san yadda ake wuce taga ɗaya sau biyar a cikin ɗaki ɗaya.

Kuma dan Allah kafin ka fenta ko baya ɗaya, ka jera akwatunan a manhajar editin ka ɗora murya ko da taka ce ka kalla. A nan za ka ga shot ɗin da ba a buƙata.


MaiAlli ya rubuta:

Hajiya Ɗiyar Tawa na karɓi gyara, musamman a kan dariya, kin fi ni gaskiya a nan. Inda zan ɗan tsaya kawai, ko hoton gefe ne shimfiɗaɗɗe yana da tsayin kyamararsa, kuma shawagin dogarin nan zai dawo in ba a ja layin ba. Sauƙaƙawa daban, rashin sanin inda kake tsaye daban.

Ƙanina tambayarka ta uku ba wanda ya taɓa ta, wato har ina ake kai zanen baya a sitoribod. Kaɗan ƙwarai. Layin ido, inda bango ya haɗu da ƙasa, ƙofa, da duk abin da wani zai taɓa ko ya zauna a kai. In Ƙoƙi za ta ɗaga taɓarya to turmi ya fito tun a sitoribod, amma adon jikin bango da kwanukan jere su jira. Abin da ya fi layuka muhimmanci a wannan matakin shi ne haske da duhu. Ka yi amfani da kala uku kawai, fari, toka-toka, baƙi. Inda kake so ido ya fara sauka nan za ka haɗa mafi haske da mafi duhu. Ka kanne ido ka kalli akwatin, in Gizo ya narke cikin bango to ko ka fenta shi da kala ɗari ba zai fito ba.

Ginin namu ma ya ba ka wannan a ɓagas. Zaure duhu ne, waje kuma rana ce tarwai. Sa kyamara a ciki tana kallon ƙofa, Gizo ya tsaya a bakin ƙofar, ɗan mitsitsin baƙin abu a tsakiyar haske, ga duhu ya kewaye shi ta ko'ina. Shigowarsa fada ke nan a shot ɗaya, kuma bayan da za ka zana bai wuce siffar ƙofa ba. In zai fita ka maimaita shot ɗin amma yanzu kafaɗunsa sun zube, baya ɗaya ya yi aiki biyu kuma mai kallo zai auna bambancin da kansa.

Kan cika baya da tarkace kuwa, ka nemi zanen Tyrus Wong. Ɗan asalin Sin ne da ya tashi a Amurka, yana ƙaramin ma'aikaci a Disney lokacin da ake shirin Bambi wanda ya fito 1942. Ana fama da daji, in an zana kowane ganye sai barewar ta ɓace a ciki. Shi sai ya kawo salon tsofaffin masu zanen ƙasarsu na zamanin daular Song, 'yan rassa kaɗan a fili, sauran duk launi ne da ya narke, aka ɗauki salon aka gina fim ɗin a kai. Mu kuma muna da hazo. Ka tuna yadda gari yake a watan Janairu, katangar kusa ja ce sosai, ta gaba ta koɗe, ta can nesa ta kusa zama kalar sama. In ka sa labarin a lokacin hunturu ka samu zurfi ba tare da ka zana abin da ke nesa dalla-dalla ba, sai dai ka manta da gumin Gizon ko ka bar shi ya zama na tsoro zalla, wanda ni a ganina ya ma fi ban dariya, kowa na rawar ɗari shi yana tsiyaya.


BabanKhalifa ya rubuta:

Ina bin ku a hankali ina ƙaruwa. Tambaya ɗaya, duk bayanin nan na allo a kwance ne, to wanda TikTok ko Reels zai ɗora fa? Don gsky yawancin masu kallonmu a can suke, ba wanda zai juya waya.


Injiniya3D ya rubuta:

Baban Khalifa wannan tun kafin a zana akwatin farko ake yanke shi, don 9:16 na allon tsaye ba 16:9 na allon kwance ba ne da aka datse wa gefe. In ka datse hoton nesan da Anti ta ce, ko dai Gizo ya fita ko Sarki ya fita. A allo na tsaye mutum biyu ba sa jeruwa gefe da gefe sai dai sama da ƙasa, ko gaba da baya. Fadar za ta yi kyau a haka, Sarki a sama, Gizo a zube a ƙasa, rufi ma ya samu waje. Lungun ne zai canza gaba ɗaya, maimakon ya wuce ta gefe sai ya taho yana fuskantar kyamara katangu biyu sun matse shi, wato bayan da ke zamewa ɗin nan ya tashi aiki, sai dai ya riƙa girma yana matsowa. Kuma a bar ƙasan allo da gefen dama ba komai mai muhimmanci, rubutu da maɓallan manhajar nan suke zama, in ka ajiye Gizo can ƙasa sosai sunan akawun ɗinka ne zai rufe shi. ɗanfagge ka faɗa mana wanne za ka yi kafin ka fara lambobin kyamarar.